Yadda ake sama wa tsoho ɗaki a gidan kula da tsofaffi na addini a Ostiraliya, da abin da za ka riƙa biya

Ni dai da bakina na sha cewa ko mutuwa zan yi ba zan kai tsohona gidan tsofaffi ba, mu ba a san mu da haka ba, ɗa yana raye a ce uwarsa tana hannun baƙi ai abin kunya ne. Toh sai ga shi Hajiya, surukata, ta samu shanyewar ɓarin jiki, ni ina aikin dare, uwargida tana aikin rana ga yara uku, gidan da muke haya kuma bene ne banɗakin yana sama. Wata bakwai muna ɗaga ta muna kwantarwa har bayan maiɗakina ya fara ciwo ita ma, ranar da Hajiya ta zame a banɗaki muka kwana asibiti likita ya zaunar da mu ya ce gaskiya wannan jinyar ta fi ƙarfin gida. Shi ne muka shiga neman wuri, kuma wallahi ban taɓa ganin lissafi mai ruɗarwa irin na kuɗin gidajen nan ba, sai da na yi kusan wata biyu kafin na gane kansa. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi daki-daki yadda muka bi, saboda 'yan uwa da ke Sidni da Melbon da sauran garuruwa iyayensu sun fara manyanta.

Da farko ka san mene ne gidan. Tsofaffin Turawan nan har yanzu za ka ji suna cewa hostel, a da can hostel shi ne na tsohon da ke iya tafiya da ƙafarsa taimako kaɗan yake buƙata, mai jinya sosai kuma gidansa daban. Dokar 1997 ta haɗe su a tsari ɗaya, daga 1 ga Yuli 2014 kuma aka daina raba mai ƙaramar kulawa da mai babba gaba ɗaya, don haka idan ka ga an rubuta hostel a jikin gini tsohon suna ne kawai ya maƙale. Da yawansu coci-coci ne da ƙungiyoyin addini ke riƙe da su, irin su Anglicare, Uniting, BaptistCare, Catholic Healthcare da Salvation Army, Yahudawa suna da nasu, Musulmi ma akwai Gallipoli Home a unguwar Auburn dab da masallacin Turkawa. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, kasancewar gida na addini ba ya nufin kyauta ne ko sadaka, dokar gwamnatin tarayya ɗaya ce ke kan kowa, yadda gidan ɗan kasuwa zai caje ka kuɗin kullum haka na coci zai caje ka, bambancin yana wajen farashin ɗaki da yanayin zama. Kuma ba sai kana bin addininsu za su karɓe ka ba, Hajiya da carbinta da hijabinta gidan coci take.

Mataki na farko shi ne rajista da My Aged Care, wato sashen gwamnati da ake bi ta kansa a shiga tsarin kula da tsofaffi. Lambarsu 1800 200 422, ko ka yi ta intanet. Ka riƙe katin Medicare na tsohon, wato katin lafiya na gwamnati, a hannu, kuma shi ma ya kasance kusa da kai saboda za su so su ji muryarsa ya ce ya yarda ka yi magana a madadinsa. Idan Turancinsa bai kai ba akwai layin tafinta na gwamnati 131 450, sai dai samun mai Hausa a take ba tabbas ba ne, mu uwargida ce ta zauna tana fassara mata. Tsarin na mai shekara 65 ne zuwa sama. Daga nan za su turo ma'aikacin tantancewa, tsofaffin hannu suna kiransu ACAT, zai zo gida ko asibiti kuma ba a biyan ko sisi. A nan ne mutanenmu ke cutar kansu, tsoho za a tambaye shi kina iya wanka da kanki, ta ce Alhamdulillahi ina iyawa, alhali mutum biyu ke riƙe ta. Kunya da kawaici ba su da amfani ranar nan, ka faɗi mafi munin ranakunta, sau nawa ta faɗi, tana riƙe fitsari ko ba ta riƙewa, tana mantuwa ko a'a. Mu sai da na ɗan fita da ma'aikaciyar bakin ƙofa na ƙarasa mata abin da Hajiya ba za ta so a faɗa gaban suruki ba. Ka roƙi a amince mata da abu biyu lokaci guda, zaman dindindin da kuma zaman ɗan lokaci na hutun masu jinya. Bayan kwanaki takarda za ta zo da wasu lambobi, waɗannan lambobin su gidajen za su tambaye ka, ka ɗauki hotonsu a waya kar su ɓace.

Na biyu, kuma wannan kar ka jira sai ka samu gida, ka fara shi rana ɗaya da na farko: binciken dukiya. Services Australia, wato Centrelink masu biyan fansho da tallafin gwamnati, su ne ke duba kuɗin shigar tsohon da kadarorinsa su yanke abin da zai biya. Idan yana karɓar fansho na gwamnati kuma ba shi da gida, yawanci bayanansa suna wajensu ba sai ya cike komai ba. Idan yana karɓar fansho kuma yana da gida fom SA485 ne, idan ba ya karɓar komai daga gare su SA457 ne, mai kauri, za ka nemo takardun banki, na mota, na hannun jari, har fili ko gida da yake da shi a Najeriya ko Nijar sai an rubuta don kadarar ƙasar waje ma tana cikin lissafi. Na san wani zai ce ina za su sani, to ni dai ban ba ka shawarar ɓoyewa ba, fom ne da kake sa hannu cewa gaskiya ka faɗa. Wasu kuma suna ƙin cikewa wai kar gwamnati ta san sirrinsu, kana da damar ƙi, amma sai a ɗauke ka a matsayin wanda bai bayyana dukiyarsa ba a ɗora maka mafi tsadar kuɗi. Takardar sakamakon da za su aiko tana aiki kwana 120, idan ba a shiga gida a cikinsu ba sai an sake. Kar kuma ka yi dabarar raba kuɗin tsoho ga 'ya'ya kafin a cike fom, abin da aka yarda ya bayar kyauta dala 10,000 ne a shekara, kada ya wuce 30,000 a shekara biyar, abin da ya haura za su ci gaba da lissafa shi kamar yana hannunsa har shekara biyar.

Yanzu kuɗin kansu. Ni yadda na gane su, ka ɗauka tukwane huɗu ne aka jera maka.

Tukunyar farko kuɗin kullum ne wanda kowa ke biya, talaka da mai kuɗi, na abinci, wanki, shara, wuta da ruwa. An ɗaure shi a kashi 85 cikin 100 na asalin fanshon mutum ɗaya, kuma yana motsawa sau biyu a shekara, 20 ga Maris da 20 ga Satumba, ranar da fansho ke ƙaruwa. A Satumban 2025 dala 65.55 ne a rana, ka buga sau 14 ka ga dala 917.70 kenan duk sati biyu, cikakken fanshon mutum ɗaya da ƙarin da ake liƙa masa a lokacin 1,178.70 ne, kenan abin da zai rage wa tsoho a hannu bai fi 260 da 'yan kai ba, kuma a ciki zai sayi magani, ya biya waya, ya yi aski ko kitso. Wannan lissafin shi ya fara buɗe min ido. Ga wani abu da ya shafe mu musamman, fanshon tsufa sai mutum ya kai 67 kuma ya yi shekara 10 yana zaune a ƙasar a matsayin mazaunin dindindin, iyayen da aka kawo kwanan nan da yawa ba su cika ba, kuɗin kullum kuma ba ya jiran fansho, 'ya'ya ne za su ciro daga aljihu. Akwai tallafin wanda ya shiga matsi, fom SA462, amma yana da sharuɗɗa kuma suna dubawa sosai.

Tukunya ta biyu ita ce wadda ta danganta da ƙarfin mutum, kuma nan ne doka ta canja. Sabuwar dokar kula da tsofaffi ta 2024 ta fara aiki 1 ga Nuwamba 2025. Wanda yake ciki kafin ranar yana nan kan tsohon tsari ba a taɓa shi ba. Wanda ya shiga bayanta, gwamnati ce ke biyan duk abin da ya shafi jinya ta asibiti, wato aikin nas, wankin ciwo, ba da magani, amma mai hali zai ƙara wani abu a kan hidimar yau da kullum, sannan zai sa hannu a kuɗin taimakon da ba na likita ba irin wanka, sa kaya, ciyarwa da ɗagawa. Wannan na biyun ga mai dukiya sosai yana iya haura dala 100 a rana, amma yana da iyaka, da zarar an biya shekara huɗu ko an kai wajen dala dubu 130 da ɗoriya jimilla, duk wanda ya riga zuwa, an daina. Mai fansho zalla wanda ba shi da kadara sau da yawa sifiri ne a wannan tukunyar. Ba gidan ne ke yanke adadin ba, takardar Centrelink ce, idan wani ma'aikacin gida ya faɗa maka adadi da baki ka ce ya bari takarda ta zo.

Ta uku ita ce mai kashe jiki, kuɗin ɗaki. Kowane gida dole ya buga farashin ɗakunansa a shafin My Aged Care, za ka ga dala 450,000, 600,000, wani ma ya haura, ranar da na fara gani na ce wa uwargida ɗaki ɗaya ne ko gidan gaba ɗaya suke sayarwa. A Janairun 2025 aka ɗaga iyakar farashin da gida zai iya sawa ba tare da neman izini ba zuwa 750,000, a da 550,000 ne, abin da ya wuce iyakar sai hukumar farashi ta amince. Amma ba sayen ɗakin kake ba. Hanya uku ce. Ko ka ajiye kuɗin a dunƙule, shi ne RAD, ajiya ce da za a mayar idan tsoho ya bar gidan ko ya rasu, kuma gwamnati ta tsaya mata ko gidan ya karye za a biya. Ko ka riƙa biya kullum kamar haya, shi ne DAP, wannan ba ya dawowa. Ko ka haɗa biyun. Yadda ake fitar da na kullum shi ne a ɗauki farashin ɗaki a buga da wani kaso da gwamnati ke sanarwa duk wata uku a raba da 365, kason nan a 2024 da 2025 yana yawo ne kusa da 8 cikin 100. Mu ɗauka 8 ne daidai don sauƙin lissafi, ɗakin 500,000 kenan 40,000 a shekara, dala 109.59 a rana, a kan wancan 65.55 fa. Idan ka ajiye rabi, 250,000, na kullum ya dawo 54.79. Kana ma iya cewa su riƙa cire na kullum ɗin daga cikin ajiyar, sai dai ajiyar tana raguwa na kullum yana ƙaruwa a hankali, mutane ba sa lura da wannan. Sabuwar doka ta ƙara abu biyu ga masu shiga yanzu: gida zai riƙa yankar kashi 2 cikin 100 na ajiyar a shekara har shekara biyar, a kan 500,000 kusan 10,000 kenan a shekarar farko, sannan na kullum ɗin yana hawa da tsadar kaya sau biyu a shekara. Don haka duk wanda ya ce maka ajiyar tana dawowa cif-cif, tsohon labari yake ba ka.

Farashin da aka buga shi ne mafi yawan abin da za su iya karɓa, ana ciniki, mu mun tambaya kuma an ɗan sauko mana saboda ɗakin ya kwana biyu ba kowa kuma tagarsa wajen ajiye motoci take kallo. Bahaushe da ciniki ai ba a koya masa. Kuma ba su da ikon tilasta maka ka zaɓi hanyar biya kafin tsoho ya shiga, za ka iya farawa da na kullum har ka gama shawara. Idan kuma takardar Centrelink ta nuna tsohon mai ƙaramin ƙarfi ne, wannan farashin bai shafe shi ba sam, gwamnati ce za ta biya ɗakin duka ko ya ɗan sa wani abu ta cika sauran. Shi ya sa idan ka kira gida tambayar farko ita ce kuna da gurbin wanda gwamnati ke tallafa wa, gidajen coci da yawa suna ajiye irin wannan gurbin saboda asalin aikinsu na taimako ne.

Maganar riba kuma na san za ta zo maka don ni ma ta hana ni barci. Kason nan da ake lissafin na kullum da shi sunansa a takarda kuɗin ruwa ne. Ni yadda na kalle shi, ba rance aka ba ka ba, ɗaki kake zaune kana biyan haya, ma'aunin hayar ne aka ɗauko daga can, amma ni ba malami ba ne, na kai wa malaminmu takardar ya duba, kai ma ka kai wa naka. Akwai kuma ruwan da gida ke ɗorawa a kan ajiya idan ana jiran mayar da ita bayan rasuwa, shi ma ku san yadda za ku yi da shi tun kafin ya shigo cikin gado.

Ta huɗu ƙarin hidima ce ta ganin dama, talabijin mai tashoshin biya, jarida, giya da abincin dare, abinci na musamman. A sabuwar doka ba za a sa shi sharaɗin ba ka ɗaki ba, sai bayan an shiga ake yarjejeniyarsa daban kuma kana iya fasawa. Wani gida da muka zaga, ba zan kama suna ba, sun miƙo mana takarda da wannan kuɗin a ciki kamar dole, na ce Hajiya ba ta shan giya, ba ta karanta jaridar Turanci, me za ta biya, sai matar ta fara kame-kame. Ka karanta layi-layi.

Mataki na gaba shi ne wanda ya fi kowanne nauyi, gidan tsohon. Hajiya tana da ɗan ƙaramin fulat da marigayi Alhaji ya bari. Idan mijin ko matar tsohon na zaune a gidan, ko yaron da ke ƙarƙashinsa, ba a lissafa gidan kwata-kwata. Haka idan mai jinyarsa ya yi shekara biyu a ciki, ko ɗan uwa na jini ya yi shekara biyar, matuƙar sun cancanci tallafin Centrelink. Idan ba kowa a ciki ana lissafa shi amma da iyaka, ɗan sama da dala dubu 200, ko da gidan miliyan ne. Wannan iyakar an saita ta ne daidai inda mutum ke fita daga sahun masu ƙaramin ƙarfi, shi ya sa kusan duk mai gidan da ba kowa a ciki cikakken farashin ɗaki ake ce masa ya biya ko da asusunsa ba komai. Toh ga inda rikicin yake. Idan ka sayar da gidan ka zuba kuɗin a ajiyar ɗaki, wajen fansho ba a ƙirga ajiyar, fansho na iya tsayawa lafiya, amma wajen kuɗin kulawa ana ƙirga ta dukanta ba iyaka, tukunya ta biyu sai ta hau. Idan ka bar gidan, wajen kuɗin kulawa dubu 200 da ɗoriya kawai ake gani, wajen fansho kuma ana kawar da kai shekara biyu daga nan a fara ƙirga shi da cikakkiyar darajarsa, fansho na iya raguwa ko ya tsaya. Idan ka sa haya, kuɗin hayar kuɗin shiga ne ta kowane ɓangare. Babu amsa ɗaya ga kowa, kuma wannan ba abin da za a yanke a guruf ɗin WhatsApp na dangi ba ne. Centrelink suna da jami'an da ke bayanin harkar kuɗi kyauta, da wasu na musamman kan kula da tsofaffi da ake ganinsu ido da ido a ofis, ka nemi a ba ka lokaci. Mu bayan su mun biya wani mai ba da shawarar kuɗi wanda wannan ne fanninsa, kuɗin ya yi mana zafi ranar amma ya jera mana lissafin shekara biyar ta hanya uku, muka bar fulat ɗin tukuna muna biyan na kullum daga haya da ɗan abin da ta ajiye.

Wani tarko da 'ya'ya masu zuciya ke faɗawa: su haɗa kuɗi su biya wa uwa ajiyar. Niyya mai kyau, amma da zarar an biya kuɗin ya zama kadararta a idon Centrelink, kuɗin kulawarta na iya ƙaruwa, kuma ranar da ta rasu ba wanda ya biya ake mayar wa ba, cikin dukiyar mamaci yake shiga a raba da kowa har wanda bai sa kwabo ba. Idan za ku yi haka lauya ya rubuta cewa rance ne. A wannan zaman da lauya ku gama da wasiyya da takardar wakilci, wato wanda zai sa hannu a harkar kuɗi da lafiya idan hankalinta ya gushe, a yi tun tana gane mutane. Gida yana mayar da ajiya cikin kwana 14 bayan an nuna masa takardar kotu ta tabbatar da wasiyya, samun takardar kan ɗauki watanni, mu kuma jana'iza ba ta kwana, don haka kar ku sa ran kuɗin likkafani da kabari daga nan zai fito, a ware shi daban.

Sai zagayen gidaje. Ka zaɓi uku zuwa biyar ka sa suna a duka, ba laifi ba ne. Tun Disambar 2022 ana ba gidaje taurari ɗaya zuwa biyar a shafin My Aged Care, ka duba, amma hancinka ya fi tauraro, ka je ba lokacin da suka shirya maka ba, ka je da azahar ana cin abinci ko ranar Lahadi da yamma da ma'aikata suka yi ƙaranci, ka ji ko wurin yana zarni, ka ga ko ƙararrawar kira tana ta ƙara ba mai zuwa. Doka tun Yulin 2023 ta ce nas mai rajista ya kasance a gida dare da rana, ka tambaya mutum nawa ke aikin dare a ɓangaren da za a sa ta. Ɗakin kansa ka duba na mutum ɗaya ne ko na biyu, banɗaki nata ne ita kaɗai ko na haɗaka, ƙofa keken guragu na wucewa, akwai inda za a shimfiɗa darduma ko a juya kujera ta kalli alƙibla, na buɗe manhajar alƙibla a waya a tsakiyar ɗakin matar da ke zagayawa da mu tana kallona. Gado, katifa, kujera da kabad nasu ne, hotuna, bargo da 'yar rediyo naku.

Tambayoyin addini kar ka ji nauyinsu, gidan addini ya ma fi saurin gane su don su ma suna da ɗakin ibada da limaminsu na coci da ke zagayawa. Ka tambaya naman halal suke saye ko kifi da ganye kawai za su riƙa ba ta, kuma tukunya ɗaya ake dafawa da naman alade ko a'a. Ka ce mace ce za ta yi mata wanka da tsarki, a rubuta a tsarin kulawarta ba da baki ba, don ma'aikata suna canjawa, su kuma za su gaya maka gaskiya ko za su iya cika wannan da dare. Buta a banɗaki, da bayanin cewa ruwa take amfani da shi ba takarda kaɗai ba. Azumi idan likita ya yarda, wa zai kawo sahur. Ba dole ba ne ta halarci addu'arsu, ka faɗa tun farko cikin ladabi, kuma ka tambaya ko malaminku zai iya shigowa. Sannan abin da ba a son faɗa, idan rai ya yi halinsa wa za su fara kira, ka ba su lambar masu wankan gawa na masallacinku a manna a fayil ɗinta, ka ce kar a kira kamfanin jana'izar da suka saba.

Kafin a sa hannu na dindindin ku gwada zaman ɗan lokaci, kwana 63 ake ba mutum a shekarar kuɗi, wadda ke farawa 1 ga Yuli, kuma a wannan zaman kuɗin kullum kawai ake biya, ba kuɗin ɗaki ba na binciken dukiya. Hajiya sati uku ta yi, satin farko ba ta yi mana magana ba, na biyu ta samu wata ma'aikaciya 'yar Sudan da ke gaishe ta da sallama tana gyara mata ɗankwali, daga nan ta fara cin abinci. Da aka kawo yarjejeniyar zama mun tafi da ita gida muka kwana biyu muna karantawa, ka duba farashin ɗaki da lambar ɗakin an rubuta daidai, ranar da ake cire kuɗi daga banki, da dalilan da za su iya canja mata ɗaki. Idan wani abu ya shige maka duhu akwai OPAN, masu tsaya wa tsofaffi kyauta, 1800 700 600, ƙorafi kuma hukumar inganci da tsaron kula da tsofaffi, 1800 951 822.

Ranar shiga ka sa suna a jikin kowane kaya har zani da safa don injin wankinsu na kowa da kowa ne, atamfa mai tsada da leshi ku bar su a gida ku riƙa wankewa da kanku, mu mun yi asarar mayafi biyu kafin mu koyi wannan. Ka kai jerin magungunanta daga likita, ka sanar da Centrelink ta koma, idan kuma mijinta na raye a gida ka gaya musu rashin lafiya ce ta raba su, kowannensu sai a koma ba shi fansho a ma'aunin mutum ɗaya wanda ya fi na ma'aurata yawa. Takardar kuɗi ta wata-wata ka riƙa dubawa musamman bayan Maris da Satumba. Tana da kwana 52 a shekara da za ta iya kwana a waje ɗakinta na nan, kwanan asibiti ba ya cikin lissafin, sai dai kuɗin yana ci gaba da tafiya ko tana nan ko ba ta nan. Mu mun raba namu, daren Juma'a biyu a wata tana gida ana yi mata tuwo da miyar kuka, sauran mun tara su don goman ƙarshe na azumi da sallah biyu, uwargida ce ke riƙe da lissafin a kalandar da ke jikin firij.